HUKUNCIN KAI IYALI GANIN KUFAN MUTANEN DA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai juya zamani yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wata wasiƙa ta iso wannan fili daga Dagumawa ta ƙasar Wudil, daga wani dattijo manomi wanda ya roƙa a sakaya sunansa. Babban ɗansa yana karatu a Jami'ar Azhar ta birnin Alƙahira, shekara ta biyar ke nan, yana zaune da matarsa da 'ya'yansu uku a unguwar Hayyul Ashir, inda ɗalibai 'yan Afirka da yawa suke kama haya. Da aka yi hutun tsakiyar shekara, lokacin sanyi, sai ya ɗauki shatar mota ta yini guda ya fita da iyalinsa ganin wuraren tarihi. Suka fara da dalolin Giza da sassafe, suka biya gidan adana kayan tarihi na Fusɗaɗ, suka yi Azahar a masallacin Amru ɗan Asi, suka ziyarci kabarin Imam Shafi'i, suka rufe da Magariba a masallacin Azhar. Hotuna suka iso Dagumawa ta waya, gida ya cika da murna, maƙwabta suna ta shigowa kallo. Ana cikin haka sai babban jikan, yaro ɗan shekara tara, ya karɓi wayar ya ce, "Kaka, yau mun ga gawar Fir'auna da idonmu!"

Dattijon ya ce daren nan bai runtsa ba. Ya tuna wani wa'azi da ya ji tun yana saurayi, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga gidajen mutanen da Allah Ya yi fushi da su. Gari na wayewa ya aika wa ɗan nasa cewa ya tattaro yaran ya maido su gida a sa su makarantar allo, tun da shi karatun nasa bai hana shi kai su kallon la'ananne ba. Ɗan ya rubuto doguwar takarda cikin ladabi, ya zayyana yadda yinin ya gudana tun daga fita har komowa. Dattijon ya haɗo takardar da tasa wasiƙar, yana tambayar abu biyu: shin ɗansa ya yi saɓo, kuma ko ya dace ya tsaya a kan maganar maido jikokin?

Amsa a taƙaice ita ce ɗan bai yi saɓo ba. Amma tsoron da ya hana dattijon barci yana da tushe a cikin hadisi ingantacce, saboda haka ya cancanci a warware masa al'amarin daki-daki, da shi da sauran iyayen da 'ya'yansu ke zaune a ƙasashen waje.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, Alƙur'ani mai girma da kansa ya yi ta kiran mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda ƙarshen al'ummomin da suka gabata ya kasance. Kiran nan ya zo fiye da sau goma. Mai son gani da idonsa ya duba Ali Imrana aya ta 137, da An'ami aya ta 11, da Rumu aya ta 9 da ta 42, da Gafir aya ta 21 da ta 82, bisa ƙidayar bugun Hafsu, domin ta Warshu takan ɗan bambanta. Waɗanda aka ce a je a duba kufansu a wuraren nan kuwa masu ƙaryata Manzanni ne, mutanen da suka fi Ƙuraishawa ƙarfi da yawan gini. A Suratus Saffati, aya ta 137 da ta 138, an tunatar da mutanen Makka cewa suna wuce kufan mutanen Annabi Luɗu safe da dare a hanyarsu ta fatauci zuwa Sham, aka zarge su da rashin hankalta. Wannan hankalta ita ce Larabawa suke kira i'itibari, kalmar kuwa ta fito daga tushen da ke nufin ƙetarewa, kamar yadda ake ƙetare kogin Wudil daga wannan gaɓa zuwa waccan. Watau mutum ya ƙetara daga abin da idonsa ya gani zuwa ga darasin da ke bayansa. Wanda ya tsaya a kan kallon dutse da ɗaukar hoto kaɗai yana nan a gaɓar farko tukuna.

Sa'an nan ga hadisin da dattijon ya ji. A shekara ta 9 bayan Hijira, a hanyar yaƙin Tabuka, rundunar Musulmi ta biyo ta Hijru, mazaunin Samudawa mutanen Annabi Salihu. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, cewa Manzon Allah ya hana sahabbai shiga gidajen mutanen nan sai fa in suna kuka, don gudun irin azabar da ta sauko musu. Ya lulluɓe kansa, ya ƙara sauri har ya fita daga kwarin. Waɗanda suka riga suka ɗebi ruwa a rijiyoyin wurin ya umarce su su zubar, ƙullun da suka kwaɓa da shi kuma a ba raƙuma, ya bar musu rijiya guda kaɗai, wadda taguwar Annabi Salihu take sha.

Duk wanda ya karanta wannan ya ji tsigar jikinsa ta tashi, kamar yadda ta dattijon ta tashi, to zuciyarsa da rai. Sai dai malamai sun lura da abu biyu a ciki. Na ɗaya, hanin ya zo da togaciya, domin an bar ƙofa a buɗe ga wanda zai shiga da tsoron Allah, aka rufe ta ga mai shiga da wasa da annashuwa. Na biyu, maganar ta shafi ainihin wurin da azaba ta sauka ne, kamar Hijru, da alƙaryun mutanen Annabi Luɗu. Giza da Fusɗaɗ ba sa cikin wannan sahu. Fir'auna da rundunarsa a cikin teku aka hallaka su, ƙasar da suka bari kuwa, da gonakinta da idanun ruwanta, Suratud Duhani daga aya ta 25 zuwa ta 28 ta bayyana cewa wasu mutane aka gadar wa. Hujja mafi ƙarfi ita ce aikin sahabbai. Amru ɗan Asi ya shigo Masar da runduna a ƙarshen shekarar 639, zamanin halifancin Sayyidina Umar, suka kafa garin Fusɗaɗ a gabashin kogin Nilu, dalolin suna tsallaken kogin ana hango su. Suka zauna, suka sha ruwan Nilu, suka hayayyafa, waɗansu a can aka binne su. Ba a ji sun rushe dalolin ba, ba a kuma ji sun hana kowa zuwa wurin ba. A wannan zamani hukumar fatawa ta Masar, watau Darul Ifta, ta halatta ziyarar irin waɗannan wurare, wasu malamai kuma, musamman a Sa'udiyya, suna ƙyamar a maishe su wurin shaƙatawa. Dukansu sun haɗu a kan cewa zuwa don girmama kafirci haramun ne.

To, me ɗan dattijon ya yi a Giza? Bisa ga takardarsa, tun a mota direba ya fara ba yaran labari cewa Bani Isra'ila ne suka gina dalolin ana dukansu da bulala. Da suka sauka wani mai hayar raƙumi ya ce a'a, rumbunan Annabi Yusufu ne inda ya tara hatsi saboda shekarun fari. Uban ya bari sai da suka keɓe, sa'an nan ya gaya wa yaran cewa duk biyun tatsuniya ce. Ya yi daidai. Dalolin nan kaburburan sarakuna ne, cikinsu kusan duk dutse ne cunkus, sai 'yan ɗakuna da ƙananan hanyoyi, ba wurin zuba hatsi. Babbar cikinsu, ta sarki Khufu, an gina ta wajen shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa, tsawonta na asali mita 146, duwatsunta sun haura miliyan 2. Ta girmi sarakunan da ake danganta wa zamanin Annabi Musa da fiye da shekara 1,000. Ya ce ya kwatanta wa yaran siffarta da dalar gyaɗa ta Kano wadda kakansu ya sha ba su labari, suka yi ta dariya da suka ji cewa ita waccan da buhuna ake tara ta.

Haka kuma batun hancin gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, wanda Misirawa suke kira Abul Hauli. 'Yan jagora sukan ce sojan Napoliyon ne suka harbe shi, alhali akwai zane-zanen da aka yi tun kafin zuwan Faransawa a 1798 waɗanda suka nuna shi ba hanci, kuma malamin tarihi Maƙrizi ya danganta ɓarnar ga wani mutum mai laƙabin Sa'imud Dahri a shekarar 1378. Akwai ma wani labari tabbatacce da ya fi waɗannan amfani ga yaro. A 1196 Sarki Azizu Usman, ɗan Salahuddini Ayyubi, ya sa ma'aikata su rushe ƙaramar dala ta ukun. Suka yi wata takwas suna fama, suka gaji suka bari, ba su bar komai ba sai wani dogon tabo a gefenta na arewa wanda ake gani har yau. Ginin da sarki mai runduna ya kasa rushewa, shi wanda aka gina dominsa ɓarayi sun wawashe kabarinsa tun zamanin da.

Yanzu sai maganar gawa, wadda ita ce ta ɗaga hankalin dattijon, kuma ita ce ta fi bukatar a tsaya a kanta.

Ran 3 ga Afrilu, 2021, gwamnatin Masar ta ɗauke gawawwaki 22, na sarakuna maza 18 da na mata 4, daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa sabon gida a Fusɗaɗ. An ajiye mafi yawansu a wani zaure na ƙarƙashin ƙasa mai ƙarancin haske, kowace a cikin akwatin gilashi, an hana ɗaukar hoto a ciki. A nan ne yaron ya ja rigar ubansa ya ce, "Baba, wanne ne Fir'aunan Annabi Musa?" Uban ya amsa masa da cewa, "Ban sani ba, kuma ba wanda ya sani tabbas sai Allah."

A duk cikin takardar nan babu abin da ya kai wannan amsa daraja. Ga dalili. Kalmar Fir'auna laƙabin sarauta ce, asalinta a tsohon harshen Misirawa tana nufin babban gida, watau fada, daga baya ta zama sunan duk wanda ya hau gadon. Sarakuna masu yawa sun riƙe ta. Saboda haka da yaron ya ce ya ga gawar Fir'auna bai yi ƙarya ba, ya ga gawawwakin Fir'aunoni, amma wannan bai nuna ya ga wanda ya yi jayayya da Annabi Musa ba. Alƙur'ani bai ambaci sunan wancan na yanka ba, hadisi ingantacce ma bai ambata ba. Masu bincike ne suke hasashe. Wasu suka ce Ramsis na Biyu ne, wanda ya yi sarauta shekara 66, daga 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa, aka gano gawarsa a 1881. Wasu suka ce ɗansa ne Marniftah, wanda aka gano tasa gawar a 1898, kuma shi ne wanda likitan nan Bafaranshe, Moris Bukai, ya fi karkata a kansa cikin littafinsa na 1976. Wasu kuma suka kai maganar ga sarakunan da suka gabaci waɗannan. Mutum biyu ba za su zama mutum ɗaya ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa abin zato ne.

Ana yaɗa wani bidiyo a wayoyi, wanda wataƙila ya isa Dagumawa ma, ana nuna gawar Ramsis ana cewa likitocin Faransa sun sami gishirin teku a jikinta, wai wannan ya tabbatar shi ne wanda aka nutsar. Gaskiya ne an kai gawar birnin Faris a 1976 don magance wata funfuna da ta kama ta. Amma batun gishiri ba hujja ba ne, gama Misirawan da suna busar da gawa ne da kanwa, irin wadda ake sa wa dabbobi a ruwa, ake kuma jefawa a miyar kuka da yauƙi. Sukan cire kayan ciki, su binne gawar cikin kanwa wajen kwana 40 har ta bushe, su shafe ta da ƙaro da mai, su naɗe ta da lilin, aikin duka yana cin kwana 70. Kanwa kuwa tana ɗauke da gishiri. Duk gawar da ke cikin zauren nan haka aka yi mata, da wanda ya mutu a yaƙi da wanda ya mutu a kan gadonsa. Ramsis kansa ya kai wajen shekara 90, ga ciwon gaɓoɓi ga ciwon haƙori.

Wani zai ce, to ina aya ta 92 ta Suratu Yunusa, wadda ta yi maganar fitar da jikin Fir'auna don ya zama aya ga na baya? Ayar gaskiya ce, ba kokwanto. Manyan masu tafsiri irin su Ɗabari da Ibnu Kasir sun kawo daga magabata cewa wasu daga Bani Isra'ila sun yi shakkar mutuwarsa saboda tsananin tsoron da suke masa, sai Allah Ya sa teku ta jefo gawarsa a tudu suka gan ta suka tabbatar. Alkawarin ya cika tun ranar. Yana yiwuwa gawar tana cikin waɗanda ke Fusɗaɗ, yana yiwuwa ba ta ciki, ko ta wace hanya ayar ba ta raunana ba. Haɗarin yana ga uban da zai nuna wa ɗansa akwati guda ya rantse cewa wannan shi ne, ya ɗaura gaskiyar Alƙur'ani a jikin zaton likita. Ran da yaron ya girma ya karanta cewa masana sun saɓa, ko suka sake ra'ayi, sai shakka ta shige shi, ta kuwa taɓa abin da bai kamata ta taɓa ba. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambaya 48 a zama guda, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba, alhali shi ne malamin Madina wanda ake yi wa tafiyar watanni. Ɗalibin Azhar da ya ce wa ɗansa bai sani ba ya bi sawun limamin mazhabarsa.

Saura batun ko ya dace a baje gawar ɗan Adam ana kallo. Wannan ya dami Misirawa su kansu. Shugaba Anwar Sadat ya sa an rufe zauren gawawwakin a 1980 saboda ganin rashin dacewar abin, ba a sake buɗe shi ba sai a 1994. Musulunci ya girmama gawa ko ta wane ne. Buhari ya ruwaito cewa an wuce da gawar wani Bayahude, Manzon Allah ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko ta wane ce ya nuna cewa ai ita ma rai ce. Laifin rashin binnewa yana wuyan masu iko da wurin, ba ya hawa kan baƙon da ya shigo. Abin da ke kan baƙo shi ne ya shiga da natsuwa, kada ya yi dariya ko izgili, kada ya daɗe. Uban ya rubuta cewa ba su wuce minti goma ba, ƙaramar 'yar kuma uwarta ta tsaya da ita a waje don kada ta firgita. Da suka fito ya zaunar da manyan biyun ya fassara musu ƙarshen ƙissar Fir'auna daga Suratun Nazi'ati, wadda sun riga sun haddace, uwar kuma ta ba su labarin Asiya matar Fir'auna wadda Suratut Tahrimi ta yaba. Wannan shi ne i'itibarin da aka faɗa a baya.

Masallacin Amru ɗan Asi ba shi da nisa da gidan tarihin. Shi ne masallaci na farko a Masar, an kafa shi a shekara ta 21 bayan Hijira, ƙarami ne ainun a farkonsa, rufin ganyen dabino, daɓen tsakuwa. An ruwaito cewa sahabbai da dama suka tsaya wajen daidaita alƙiblarsa. An yi ta rushe shi ana faɗaɗawa, har babu abin da ya rage na ginin farko sai gurbin. Ya kyautu a gaya wa yara haka, kada su koma suna cewa sun taɓa bangon da sahabbai suka gina. Iyalin sun cika Azahar raka'a huɗu, haka kuwa ya kamata. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ya fita daga hukuncin matafiyi a mazhabar Malikiyya, balle mai shekara biyar, kuma yawon yini a cikin Alƙahira da kewayenta bai kai nisan ƙasaru ba, wanda ya haura kilomita 80.

Daga nan suka shiga babbar maƙabartar Ƙarafa, inda hubbaren Imam Shafi'i yake. An haife shi a Gaza a shekara ta 150 bayan Hijira, ya yi karatu a gaban Imam Malik a Madina, ya zo Masar a ƙarshen rayuwarsa, ya karantar a masallacin Amru, ya rasu a 204, daidai da 820 ta Miladiyya. Ƙubbar da ke kansa Sarki Kamil na gidan Ayyubawa ya gina ta a 1211. A nan wani abu ya faru wanda ɗan bai ɓoye wa mahaifinsa ba. Matarsa ta ga mutane suna tura 'yan takardu ta ramukan katakon da ya kewaye kabarin, suna rubuta koke-kokensu ga limamin kamar ana kai ƙara gaban alƙali, tsohuwar al'ada ce a can. Mahaifiyarta tana kwance ba lafiya a gida. Ta ce, "Malam, ko ni ma in rubuta sunan Inna?" Ya ce mata ta bari, su yi wa limamin sallama, su roƙa masa rahama, sa'an nan su fuskanci alƙibla su roƙar wa Inna lafiya wurin Allah. Ta yarda, suka yi haka.

Malamai sun daɗe suna saɓani a kan tawassuli da salihan bayi, a Kano ma an sha muhawara a kansa, wannan fili kuwa ba zai tada tsohon zance ba yau. Amma rubuta wa mamaci takarda ana neman ya yi hukunci ko ya ba da lafiya, wannan ba a san shi ga sahabbai ba, ba a kuma san shi ga shi Shafi'in ba. Ziyarar kabari sunna ce, Muslimu ya ruwaito cewa an hana ta da farko daga baya aka yi izini, amfaninta kuwa tuna lahira da yi wa mamaci addu'a. Game da mata, malaman Malikiyya suna da maganganu, wanda aka fi bi shi ne halacci idan akwai sutura, babu kururuwa, babu cakuɗuwa da maza. Mace tare da mijinta da 'ya'yanta ta cika sharaɗin.

Ba za a rufe ba sai an faɗi inda ɗan ya gaza, domin ya gaza a wuri biyu. Na farko ƙarami ne: wuri biyar a yini guda ya yi wa yara yawa, shi kansa ya ce kafin su isa Azhar biyu sun yi barci, ba su ji komai ba game da masallacin da Jauharus Siƙilli ya fara ginawa a 970, wanda ubansu yake karatu a inuwarsa. Na biyu ya fi nauyi. Ya nuna wa 'ya'yansa tarihin Misirawa tun daga safe har dare, bai nuna musu nasu rabon a ciki ba, alhali yana nan birjik. A cikin Ƙarafar nan da suka shiga aka binne Abdurrahman ɗan Ƙasim, wanda ya lazimci Imam Malik shekara 20 ya rasu a 191 bayan Hijira, wanda daga amsoshinsa Sahnunu ya tattara Mudawwana, da Ashhabu wanda ya rasu shekara ɗaya da Shafi'i. Duk alƙalin da ya taɓa yanke hukunci a Kano da fiƙihun Malikiyya ya ci daga tukunyar mutanen nan. Shehu Halilu mai Muhtasar mutumin Alƙahira ne, Ashmawi da Iziyya da ake karantawa a zaurukan Wudil su ma Misirawa suka wallafa su. A Fusɗaɗ ɗin da suka yini, mutanen Kanem sun ba da kuɗi an gina makarantar Ibnu Rashiƙ tun ƙarni na 13 domin ɗalibansu da alhazansu. Mansa Musa na Mali ya sauka kusa da dalolin Giza a 1324 a hanyarsa ta Makka. Jalaluddini Suyuɗi, wanda rabin Tafsirin Jalalaini nasa ne, ya aika wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas takardar nasiha daga birnin nan. Wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da taurari, ya zauna a Alƙahira ya karantar, ya rasu a 1741 a gidan Hasanul Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A Azhar ɗin kanta akwai sashen da ake kira Ruwaƙul Barnawiyya, masaukin ɗaliban Barno na da. Yaron da ya tashi a baƙon wuri yakan zaci shi da iyayensa ne farkon zuwa, har ya riƙa jin kansa a raɓe. Da ya ji waɗannan sunaye da ya san mutanen ƙasarsa sun yi ɗaruruwan shekaru suna taka titunan nan da littafi a hannu. Sai ɗan ya sake ware wani yinin domin wannan kaɗai.

Game da tambaya ta biyu, shawara ga dattijo ita ce ya janye maganar maido yaran. Renon yara a shari'a haƙƙin iyayensu ne, uwa kuma ita ce kan gaba, har Malikiyya suka ce ko aure ya mutu namiji yana hannunta sai ya balaga, mace kuwa sai ta tare a gidan miji. Kaka yana da girma da haƙƙin nasiha, amma ba shi da ikon raba uwa da 'ya'yanta a kan abin da ba saɓo ba ne. Karatun Alƙur'ani kuma ba a rasa shi a Alƙahira. Shi ɗan, wajibi ne ya ci gaba da lallashin mahaifinsa, nan gaba kuma ya riƙa sanar da shi kafin irin wannan fita, ko don ya sa albarka.

In Allah Ya kawo jikokin hutu, daga Wudil zuwa birnin Kano kimanin kilomita 40 ne. Dattijo ya ɗauke su da kansa su hau Dala, inda Tarihin Kano ya ce Barbushe ya zauna yana jagorancin bautar Tsumburbura, ga shi yau masallatai da makarantun allo sun kewaye gindin dutsen. Daga can su gangara su ga abin da ya rage na ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, su ƙarasa Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa ga zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, su yi Azahar a masallacin da ke ƙofar fada kafin su kama hanyar gida. Allah Shi ne Mafi sani.